Ranar da Na Ɗauko Waƙa Ƙasa a Garwa

Tun da muka dawo daga Garwa ban samu na yi aiki da kyau ba. Da na ɗora katako a kan benci sai wani ya leƙo: "Malam Sale, yaya Kamaru?" In na fito daga sallar azahar a tare ni a bakin masallaci. Har mai kawo mini ƙusa daga kasuwa, wanda bai taɓa wuce gaisuwa da ni ba, ya ja kujera wai yana son labari. Na gaji da maimaitawa. Kuma na ji Ɗanlami, abokin waƙata, yana yawo da nasa labarin a Ƙofar Wambai, ya zuba masa gishiri har ba ya ciyuwa. Shi ya sa na sayi littafi na zauna. Aji huɗu na tsaya a firamare, wanda rubutun bai yi masa ba ya dawo mini da abina.

Ga wanda bai san mu ba, mu huɗu ne, muna waƙa da baki zalla. Ba ganga, ba kalangu, ba garaya, ko tafi ba ma yi. Ni kafinta ne a Ƙofar Ran. A zauren babanmu na koyi waƙa, inda ake yabon Manzon Allah a watan Mauludi, kuma tun ina ƙarami ni ake sa wa in ja baiti, don muryata tana hawa sama ba ta karyewa. Babanmu bai yarda da kiɗa ba, haka na tashi. Ɗanlami fenti yake yi. Gidansu gidan makaɗan mahauta ne, ya ƙi riƙe kalangu, amma duk abin da kalangu ke yi yana yin sa da baki da ƙirji. Buba direban tifa ne, Bafulatani, a bayan shanu muryarsa ta buɗe. Sai Iliya, magini, mutumin wajen Zungur, Kirista, wanda tun yana ɗan shekara bakwai yake cikin mawaƙan cocin ƙauyensu, cocin da ba su da ko gwangwanin bugawa. Shi ne mai muryar ƙasa. In ya buɗe baki sai ka ce tifar Buba aka bari a kunne a bayan gida.

A wurin ginin wata makaranta a Yalwa muka haɗu, shekara goma sha ɗaya ke nan. Tun daga lokacin ake kiranmu walima, da taron suna, da bikin sallamar ma'aikata.

Akwai abu ɗaya da sai ka gane shi kafin ka gane sauran. Tunda babu kiɗa, babu abin da zai gaya maka inda za ka fara. Wanda ya fara buɗe baki shi ya yanke wa kowa. In ya ɗauko waƙar sama, kowa sai ya hau, in ya ɗauko ta ƙasa, kowa sai ya sauka. Mu muna kiransa ɗaukowa. Shekara goma sha ɗaya ni nake ɗaukowa, ni nake ja, su uku suna amshi. Ba wanda ya naɗa ni, ba kuma wanda ya taɓa tambayar dalili.

Wani ɗan kasuwar Garwa, Alhaji Hamadu, ya zo ɗaurin auren ɗan'uwansa a nan Bauchi, ya ji mu a walima. Ya ce a garinsu ana tara masu waƙa irin tamu, kwana uku ana yi, kuma bai taɓa ganin an zo daga Najeriya ba. Mota da masauki duk a kansa. Muka ce to.

Da sassafe muka tashi. Tun a tasha aka fara. Direba ya dubi Iliya ya ce ƙafafunsa ba za su shiga baya ba, ya ba shi gidan gaba. Ni da nake shugaba aka cusa ni can ƙurya, tsakanin buhun albasa da wata tsohuwa mai kaji uku a kwando. Na naɗe wuyana da mayafi saboda iska, ina rungume da fulas ɗin citta da zuma da matata Hajara ta haɗa mini. Ban sha ruwan sanyi ba, ban ci gyaɗa ba, ban taɓa abin mai ba, don maƙogwaro ne jarina. Shi kuwa Iliya a Alkaleri ya sayi gyaɗa, a Gombe ya sha zoɓo mai ƙanƙara leda biyu, a Numan ya ci soyayyen kifi da yaji. Na ce masa, "Baban Rahila, za ka kashe muryar nan kafin mu isa." Ya juyo da baki cike ya ce, "Malam Sale, tawa ba ta jin komai." Gaskiyarsa kuwa. Muka sauka Jimeta ni ne nake kakari, shi ko tari bai yi ba.

A gidan kawun Buba muka kwana. Washegari muka ɗauki hanyar Gurin, hanyar da ba zan yi wa maƙiyina fatan ta ba. Daga nan sai kogi, sai kwale-kwale. Nan ne Ɗanlami, wanda yanzu yake cika baki a Ƙofar Wambai, ya zauna a tsakiyar jirgi ya runtse ido ya riƙe rigata, yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta cin abinci. In ya musa, a tambayi Buba.

A ƙetaren muka tarar da jandarma, wato jami'in tsaron ƙasar, a ƙarƙashin rumfa. Ba Hausa sosai, ba Turanci, sai Faransanci da Fulatanci, don haka Buba ya zama bakinmu. Ya karɓi takardunmu ya juya su, ya tambayi abin da ya kawo mu. Buba ya ce mawaƙa ne.

"Ina kayan kiɗanku?"

Buba ya ce ba ma kiɗa.

Mutumin ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya sa muka buɗe jakunkuna. Ya ga kaya, ya ga takalma, ya buɗe fulas ɗina ya sansana ya yamutsa fuska. Ya ce shi bai taɓa ganin mawaƙan da suka ƙetare kogi ba ko ƙwarya, in da gaske muke mu yi ya ji.

Muka jeru a cikin rana. Na ɗauko waƙar yoyo, wadda na yi a kan mai gidan da kwanon rufinsa ya tsufa damina ta same shi. Ina cewa, "Ruwa ya sauko, kwano ya tsufa," su suna amsawa, "Kawo tasa, kawo ƙwarya." Ban kai baiti na uku ba ya ɗaga hannu. Na ɗauka ya gamsu ne. Sai ya nuna Iliya da biro ya ce shi kaɗai ya sake. Iliya ya sake amshin shi kaɗai, amshi fa, ba ma waƙar ba. Jandarma ya ƙwala wa ɗan'uwansa kira daga cikin ɗaki, ya zo, aka sake sa Iliya. Sannan ya buga mana hatimi, ya kama hannun Iliya da hannu biyu yana girgizawa. Ni fulas ɗina ya miƙo mini, ko rufewa bai yi ba.

Na yi dariya tare da kowa. Amma daga nan har Garwa ban yi magana ba, na ce ƙura ce.

Garwa gari ne mai zafi, zafin da namu na Bauchi bai kama ƙafarsa ba. Babura kamar ƙudaje. Da rana ta take sai ka ga an rufe shaguna da ofisoshi an tafi gida, wai hutun tsakar rana, abin da in ka yi a Ƙofar Ran sai ka dawo ka tarar maƙwabcinka ya kwashe maka masu ciniki. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri, ana ɗaukarsa a hammata ba ko leda. Shayi kuwa a wani ɗan kofi ake ba ka wanda bai fi kurɓa biyu ba, sai ka zauna kana jiran zagaye na biyu kamar mai jiran allura.

Alhaji Hamadu ya sauke mu a ɗakin baƙinsa, katifa huɗu da fanka ɗaya. Ba laifi, mutumin kirki ne. Aka kawo gasasshen kifi, ƙato, da wani rogo da ake naɗewa a ganye, dogo, mai ɗan tsami da warin da sai ka saba. Na ɗanɗana na ajiye. Iliya ya ci nasa ya ci nawa. Kafin kwana biyu matan gidan sun san sunansa, ni kuwa "abokin Iliya mai mayafi".

A farfajiyar wani babban ɗakin taro ake yin abin. Ƙungiyoyi sun kai goma, kowa da inda ya samo tasa waƙar. Akwai wasu tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa, su shida, riga iri ɗaya, wai a wurin gyaran layin dogo suka koya, suna waƙa suna ɗaga ƙarfe. Akwai wani Modibbo makaho da ƙannensa uku, suna waƙoƙin wa'azi da Fulatanci, irin waɗanda ko ba ka jin yaren sai jikinka ya mutu. Sai wasu mata goma sha biyu daga kudancin ƙasar, shugabarsu Madam Odil, gajeriya mai tabarau. Ita wai makaranta ta shiga ta karanta waƙa, shekara da shekaru, har aka ba ta takarda. Ban san ana yin haka ba. Suna riƙe da takardu masu layi-layi da ɗige-ɗige kamar kashin ɓera, wai waƙar ce a rubuce, har da inda murya za ta hau da inda za ta sauka.

Abin da ya fara ba ni dariya shi ne yadda suke farawa. Madam tana da wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu. Sai ta buga shi a gwiwa, ta kai kunne, ta yi ɗan gunji a hanci, kowace mace ta ɗauki nata a hankali, sannan a fara. Na zunguri Ɗanlami na ce, "Ka ga masu takarda, sai sun tambayi cokali." Amma da na lura sai na ga kowa haka yake yi, ko da ƙarfe ko babu. 'Yan jirgin ƙasa akwai wani siriri a gefe, shi ke gunjin. Modibbo ma ƙaninsa ne ke raɗa masa sautin a kunne. A wurinsu mai ja daban, mai ɗaukowa daban. Mu kaɗai ne mai ja yake faɗawa cikin waƙa kai tsaye kamar mai tsalle cikin rijiya.

Ranar farko da ta biyu gwaji ne da safe, da yamma kowa ya yi waƙa ɗaya. Ranar uku ce babba. Da muka gama gwajin farko, Madam ta ratso mutane ta wuce ni, ta tsaya gaban Iliya, kanta bai kai ƙirjinsa ba. Ta nuna masa takarda. Ya girgiza kai alamar bai iya ɗige-ɗigen ba, amma ya rera mata do, re, mi da aka koya musu a coci. Kai, ka ga murna! Ta ce do, ya ce do. Ta hau, ya bi ta, ta sauka, ya riga ta. Babu mai jin yaren wani, amma sun fi rabin awa kamar 'yan'uwan da suka ɓace suka haɗu a tasha. Matan nan sun kewaye shi suna ta kaɗa kai. Ni ina tsaye da fulas. Shekara talatin da wani abu ina waƙa, babu wanda ya tambaye ni ko a ina na koya.

Ƙarya nake, mutum ɗaya ya tambaya. Modibbo ya sa aka jawo ni, ya riƙe hannuna, ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Kai ne mai ja? Wannan murya a zaure ta tashi, gaban malamai." Na ce haka ne, Allah ya gafarta Malam. Zuciyata ta yi fari. Bai saki hannuna ba ya ƙara da cewa, "Amma na ƙasan nan, ku riƙe shi da kyau. Irinsa ba a samu kullum." Da ma ya tsaya a ta farko.

Rana ta biyu bayan gwaji muna zaune a inuwa, Madam ta zo da wata daga cikin matanta mai jin Fulatanci. Ta yi magana doguwa, matar ta juya wa Buba. Buba ya hau sosa ƙeya.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce muna da kyau."

Ɗanlami ya ce, "Duk wannan surutun? Haba Buba, ko akuyarku aka yaba ai ta fi haka tsawo. Faɗi mana."

Buba ya dubi ƙasa. Ya ce ta ce sau uku ta ji mun yi waƙar yoyo, kuma sau ukun a wuri daban-daban muka fara. Ta ce muryar mai ja tana da kyau, amma yana ɗaukowa ne yadda ya tashi da safe, sauran suna wahalar bin sa. Ta ce mai muryar ƙasa kunnensa ba ya kuskure, a bar shi ya riƙa ba da sautin farko, mai ja ya ɗora a kai.

Iliya ya yi sauri ya ce, "A'a, gaya mata mu haka muke yi, mun saba."

Da an bar ta nan da ta wuce. Sai Ɗanlami ya fashe da dariya ya ce, "Wallahi matar nan ta san aiki. Malam Sale, ranar da kuka yi faɗa da Hajara ai a saman bishiya muke yini. Ranar da ta yi maka dambu kuwa sai mun tona rami." Buba ya rufe baki yana dariya. Iliya bai yi dariya ba, amma bai ce ƙarya ne ba. Wannan na riƙe.

Ba zan ɓoye ba, hassada ce ta kama ni, irin wadda ke hana abinci wucewa. Na ce a raina, ni na tara su, ni na yi waƙoƙin, ni nake zuwa ana ciniki da ni. Yanzu mace ɗaya da ɗan ƙarfenta za ta zo cikin kwana biyu ta karɓe abin da ke hannuna ta ba magini? Yau ɗaukowa, gobe ja, jibi a ce Malam Sale ka koma amshi.

Ranar uku ina alwalar la'asar dabarar ta zo mini, Allah ya yafe mini wurin da ta same ni. Shekara goma sha ɗaya kafaɗata tana jikin ta Iliya in muna waƙa. Na san muryarsa fiye da yadda matarsa ta san ta. Na san daidai inda take ƙarewa a ƙasa, inda in ya wuce nan babu sauti sai iska. Nasa amshin kullum yana can ƙasa da nawa. In na ɗauko waƙar ƙasa sosai, nasa zai faɗa inda babu murya. Zai buɗe baki a gaban Madam da matanta, a ji shiru. Ni kuwa na ce zan lallaɓa, ko ba daɗi za a ji ni. Sai kowa ya san waƙar nan a hannun wa take.

Farfajiyar ta cika, har kan katanga mutane. Mu ne na bakwai. Muka jeru, ni a tsakiya, Iliya a damana. Na ja numfashi na ɗauko ta ƙasa, ƙasan da ban taɓa zuwa ba.

"Ruwa ya sauko, kwano ya tsufa."

Ni kaina da na ji abin da ya fito daga bakina sai da gabana ya faɗi. Kamar an ja tebur a kan siminti. Buba ya waigo ya dube ni. Aka zo amshi, Buba ya shiga yana lalube, Ɗanlami ya rage kalangun bakinsa don kada ya rufe mu. Iliya ya buɗe baki, babu abin da ya fito sai huci. Abin da na nema ke nan, na kuma samu. Sai dai ban taɓa jin waƙarmu babu shi ba. Ashe duk daɗin da nake ji a muryata, a kan tasa yake zaune. Da aka cire ta sai ga ni tsirara, wani dattijo yana gurnani a gaban mutane. Na ga Madam ta cire tabarau tana gogewa. Wata mata a gaba ta fara yi wa ɗanta fifita tana kallon gefe. Kuma waƙa in an ɗauko ta an ɗauko, ba a ajiyewa a tsakiya a ce a sake.

Baiti na biyu ya wuce haka. Na shiga na uku gumi yana shiga mini ido.

Da aka zo amshi sai na ji wata murya a sama da ni. Siririya, tsaf, mai sanyi, ta hau can inda nake hawa in ina cikin jin daɗi, ta ma wuce. Na ɗauka wata daga cikin matan Madam ce ta ji tausayinmu ta shigo. Na waiga. Iliya ne. Ƙaton nan, ya ɗaga haɓa ya lumshe ido, yana "Kawo tasa, kawo ƙwarya" da muryar da ban taɓa sanin yana da ita ba. Tunda ƙasa ta rufe masa, sai ya tsallake ni ya koma sama.

Sai wurin ya fashe da sowa. Mata suka saki guɗa. 'Yan jirgin ƙasa suka miƙe tsaye. Ɗanlami ya samu ƙarfi ya saki kalangun gaba ɗaya, Buba ya sami wurin tsayawa a tsakiya. Ni kuwa na maƙale a ƙasa, ba hanyar hawa, ina jan baiti shida da suka rage kamar jaki da kayan yashi, shi yana yawo a kaina. Waƙar ba ta taɓa daɗi irin na ranar ba. Na tsane ta tun daga nan har ƙarshe.

Da muka sauko aka yanyame shi. Madam ta sa ya sunkuyo ta sumbace shi a kumatu biyu, haka al'adarsu take, shi kuwa kamar ya nutse don kunya. Alhaji Hamadu ya rungume ni yana cewa, "Malam Sale, kai gwani ne! Ashe ɓoye mana wannan ka yi sai ranar ƙarshe? Ka sauka ƙasa don ka ba shi fili, kai, wannan dabara!" Na ce, "Eh, Alhaji." Me zan ce?

Washegari muka kamo hanya. A bakin kogi muna jiran kwale-kwale, Buba ya tafi neman ruwa, Ɗanlami ya koma gefe yana shirya addu'o'insa. Muka rage ni da Iliya a kan wani gungume.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Me?"

"Kada ka raina mini hankali, Baban Rahila. Muryar."

Ya ce, "Tun ina yaro. Sama na fara yi a coci kafin murya ta fashe. Ba ta tafi duka ba. Ina yi wa Rahila in tana kuka, da tana ƙarama."

"Shekara goma sha ɗaya ba ka taɓa yi mun ji ba."

"Sama akwai mutum, Malam Sale. Me zan je yi?"

Na dubi kogin. Ruwa yana ta wucewa. Na ce, "Ka san da gangan na yi."

"Na sani. Tun da ka ja numfashi na sani."

"Ba ka ji haushi ba?"

Ya juyo ya dube ni, bai taɓa yi mini irin wannan kallon ba. Ya ce, "Na ji. Har yanzu ina ji. Na bar aikin mutane a Bauchi na biyo ka ƙasar wasu. Ban nemi komai naka ba, ko da matar nan ta yi magana ni na ce a'a. Jiya don Buba da Ɗanlami na yi, ba don kai ba. In ka sake yi mini haka a gaban jama'a, zan rufe bakina in bar ka ka ƙarasa kai kaɗai."

Ban ba shi haƙuri ba. Na so, bakina ya ƙi. Jirgi ya zo muka shiga. Daga nan har Bauchi babu abin da ya faru da ya isa a rubuta, sai tayar da ta fashe mana bayan Kaltungo. Da mutanen unguwa suka ji labari daga bakin Ɗanlami, na ce mura ce ta kama ni shi ya sa na ɗauko ƙasa. To, ba mura ba ce. Ga shi na rubuta.

Mu duk Asabar bayan la'asar muke haɗuwa a shagona mu yi gwaji. Asabar ta farko bayan dawowarmu na share wurin, na jingine katakai, suka zo su uku tare, abin da ba su saba ba. Akwai walimar da aka kira mu, muka ce mu fara da waƙar yoyo. Muka jeru. Na ja numfashi, sai Ɗanlami ya yi tari. Na sake ja, ya sake tari.

Na ce, "Ƙashi ne ya maƙale maka?"

Buba ya ce, "Malam Sale, mun yi magana."

"Kun yi magana."

"Ja naka ne, babu mai taɓa maka. Waƙoƙi naka ne. Ɗaukowar ce kawai."

Na dubi Iliya. Yana kallon ƙusoshin da ke ƙasa. Na ce, "Kai ka ce a yi haka?" Ya ce, "Ni ban ce ba. Amma ban hana ba."

Shagon nawa ne. Ina iya cewa kowa ya fita, kuma sai da maganar ta zo mini har baki. Na tsaya ina tunanin wanda zai kira kafinta ɗaya ya yi masa waƙa a walima ba amshi. Mun fi minti biyu a tsaye babu mai motsi, har mai keken da ke jiran fasinja a ƙofar shago ya leƙo ya ga ko lafiya.

Na ce, "To, ba mu mana. Ko sai an kawo maka cokali?"

Iliya ya rufe baki ya yi ɗan gunji a hanci, a hankali. Na so ƙwarai a ce ya yi sama da yawa, ko ƙasa da yawa, in samu abin faɗa. Na ɗora a kai. Ya faɗa daidai inda muryata ta fi daɗi, wurin da ni kaina sai na yi sa'a nake samunsa. Asabar ta biyu ma nan ya ba ni, ta uku ma nan, ko gashi bai kauce ba.

A Asabar ta farkon nan muka kai waƙar har ƙarshe. Ban ce masa sannu ba, kuma har yau ban ce ba.